Gudun Gara, Faɗa Wa Zago: Kasada a Rumbu, a Kasuwa da Wurin Zuba Jari

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Tsayuwa a gaban malaman da suka koya wa mutum lissafi domin ya yi musu lissafi abu ne mai nauyi. Saboda haka in na karkace, jan biro yana hannunku kamar yadda aka saba.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan kasada, watau haɗarin da ke tattare da ajiyar abinci, da cinikin amfanin gona, da zuba jari. Ina jin sun zaɓe ni ne saboda na yi shekaru ina malamin gona tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, bayan na aje aiki kuma na koma gida Alelu ina noma, ina ɗan saye da sayarwa. Dalilin da ya sa na amsa shi ne, 'yan ajinmu da waɗanda ke gaba da mu duk sun kai shekarun ritaya ko suna dab da kaiwa. Kuɗin sallama kuwa sau ɗaya ake ba mutum. Matashi in ya faɗi yana da shekara talatin a gabansa da zai tashi, amma mai shekara sittin ba shi da su. Abin da na lura da shi a tsawon aikina, wanda kuma shi ne zan yi ta zagayawa a kai yau, shi ne, babbar asarar da ke karya mutum yawanci yakan same ta ne a lokacin da yake gudun wata ƙarama wadda zai iya jurewa. Abin da Hausawa ke cewa ke nan, an gudu gara, an faɗa wa zago.

Bari in fara da rumbu, tun da can ne abin ya fi taɓa rai. Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san ƙwaro. Ka ɗaure buhu da kaka yana sheƙi, bayan wata biyu ko uku ka kwance ka tarar da huji da gari. Asara ce ta gaske, ba na raina ta. To, me mutane suke yi? Sai a sayo fiya-fiya, ko kwalbar Sniper, a yayyafa a kan waken, a juya da shebur, a ɗura a buhu. Ƙwaro ya mutu, wake ya yi kyau a ido, mai shi ya huta. Amma wannan magani, wanda sunan sinadarinsa dikulobos, an yi shi ne don feshi, ba don a cuɗa shi da abin da za a dafa ba. Yana taɓa jijiyoyin jiki. Wanda ya sha da yawa yakan yi amai, da dalalar yawu, da makyarkyata, numfashi ya yi wuya, wani lokaci a rasa shi. Wanda yake cin kaɗan-kaɗan kullum a cikin ƙosai da alale ba ya ma sanin abin da ke damunsa. Ku lura kuma da wanda ya ɗauki kasadar. Mai waken ya tsira da kuɗinsa, haɗarin ya koma kan ɗan makarantar kwana da aka dafa wa shinkafa da wake, da mai jego, da almajiri. Ba a tambaye su ba.

Abin bai tsaya a gida ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta. Dokarsu ta ce kada wannan sinadari ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ɗaya na wake, amma da suka auna namu sai suka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. Malam na lissafi zai gaya muku cewa na ƙarshen nan ya ninka iyakar sau 460. A 2016 suka ƙara wa'adin hanin da shekara 3, daga baya suka sake ƙarawa. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya ke nan aka rufe wa ƙofa saboda abin da ake yi a ɗakunan ajiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna, ta kuma sha yin gargaɗi cewa kada a sa shi a abinci. Amma hukuma ba ta kwana a sito, mai kaya ne ke kwana da mabuɗi.

Ga shi kuwa akwai mafita wadda ba ta bukatar ɗigon magani. Ina nufin buhun nan da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara binciken tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Hikimarsa mai sauƙi ce. Ƙwaro ma numfashi yake yi. In ka matse iskar da ke cikin leda ta farko ka ɗaure ta tam, ka ɗaure ta biyu daban, ka ɗaure buhun waje daban, to, ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ganga mai murfin da ba ya shan iska, ko jarka, ita ma haka take aiki muddin an cika ta fal. Sharuɗɗan su ne, kada ledar ta huje, a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa kowane mako don ɗebo na tuwo, sa'an nan hatsin ya bushe ƙayau kafin a zuba. Buhun ya fi na kullum tsada, gaskiya ne, amma yakan yi kaka biyu ko uku in an kula da shi. Masu manyan sito da ke amfani da ƙwayar Phostoxin kuma, ina roƙonku da girman Allah, kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar a ɗakin kwana ko ɗakin da ya haɗa bango mai huji da shi. Iskar da take fitarwa ba ta bambanta ƙwaro da jariri. A naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle don kada tokarta ta gauraya da hatsi, bayan an buɗe kuma a bar kayan su sha iska sosai kafin su je kasuwa.

Na ambaci bushewa, to, nan ne maƙiyi na biyu yake, wanda ya fi fiya-fiya ɓuya. Masara da gyaɗa in an ɗura su da sauran danshi sukan yi funfuna, funfunar nan kuma tana haifar da wani dafi da ake kira afulatoksin. An gano shi ne a 1960, sa'ad da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da suka noma da kansu suka ajiye da danshi. Dafin nan ba ya jin wuta, dafuwa ko suya ba ta kashe shi. Hanta yake bi, yana daga cikin abubuwan da ke kawo dajin hanta, ya fi kuma tsanani ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Yana kuma tsugunar da girman yara. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke yi da gyaɗa. A tsince mai kyau a kai kasuwa, ruɓaɓɓiya da motsattsiya kuma, don kada a yi asara, a ba mata su yi ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa kaji da saniyar tatsa. Dafin ya bi nono ya dawo cikin furarmu. Kwano biyu na gyaɗa aka ƙi zubarwa, aka sayi ciwon da ba a san ranar gama biyansa ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. Samo busasshiyar kwalba, zuba hatsin kamar kashi ɗaya cikin uku, ƙara busasshen gishiri cokali biyu, rufe, girgiza sosai, ka aje na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. A shanya kuma a kan tamfol, a bar shanya a gefen kwalta inda ɓera da awaki da hayaƙin mota ke bi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Badun ta ƙirƙiro wani abu mai suna Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure. Funfuna ce marar dafi wadda ke rigan mai dafin kama wuri. Ga ƙannenmu masu feshin tumatir da tattasai a fadama, a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Makarantar nan ta koya mana karatu, to, ga ranar amfaninsa.

Yanzu mu fita kasuwa. A wannan yanki in an ce kasuwa, albasa ake nufi. An san Aliero da abu biyu tun kafin a kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a can a 2006, watau masu ɗori da albasa, sai dai karayar da albasa ke yi wa mutum ba ta ɗoruwa a hannun masu ɗorin. Kowa ya san yadda shekarar take tafiya. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu albasar rani ta cika gari, farashi ya faɗi warwas. Daga nan ya riƙa hawa har zuwa ƙarshen shekara. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗin sallama, shawarar farko da ake ba shi ita ce, sayi albasa da kaka ka zuba a rudu, nan da wata huɗu kuɗinka sun ninka. Ba ƙarya ba ce, mutane sun gina gidaje sun je Makka da wannan. Amma masu ba da shawarar ba su cika gama lissafin ba, bari mu gama shi tare. Lambobin da zan faɗa misali ne kawai, kowa ya sa farashin shekararsa.

Mu ɗauka ka sayi buhu 100 a kan naira 30,000 kowanne, jarinka miliyan 3 ke nan. Gina rudu, da leburori, da mai gadi, da masu tsince ruɓaɓɓiya lokaci-lokaci, mu ce sun ci 200,000. Albasa ruwa ce a cikin riga, kullum tana raguwa, wata ta ruɓe, wata ta tsiro. Mu ce bayan wata huɗu buhu 70 ka auna. To, kafin ka mayar da uwar kuɗinka kawai, sai buhu ya kai kusan naira 46,000. Watau farashi ya ƙaru da fiye da rabi, kai kuwa ko kwabo ba ka ci ba tukuna. In ya kai 60,000, ka ci miliyan ɗaya, madalla. In kuma damina ta zo da wuri, ruwa ya shiga rudun, buhu 60 ka tsira da su, to, sai farashi ya haura 53,000 kafin ka fita kunya. Ba mu sa kuɗin mota da la'adar dillali da kuɗin haraji na kan hanya ba. Wanda ya yi wannan lissafi kafin ya saya yana iya shiga, ya san inda yake sa ƙafa. Wanda ya ji kalmar ninkawa kaɗai, shi nake ji wa tsoro.

Ribar ajiya kuma tun daga gona ake ƙulla ta, shi ya sa baƙon harka yake shan wuya. Albasar da aka ɗirka wa takin yuriya a ƙarshen rayuwarta takan yi girma da kyan gani, amma wuyanta kauri gare shi, ba ta ajiyuwa. Wadda aka ci gaba da yi wa ban ruwa har ranar cira ita ma haka. Mai ajiyuwa ita ce wadda aka yanke wa ruwa kamar mako biyu kafin cira, aka bari ganyenta ya kwanta da kansa, aka bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe ya rufe, ba a kuma jefa ta ta ƙuje ba. Manomin da ya san ya cika wa tasa taki, ita zai fara fitarwa kasuwa, mai kyau ya ajiye wa kansa. Wa kuke tsammani zai sayi ta farkon? Tsohon ma'aikacin da ya zo da sabon kuɗi a aljihu. Shawarata ga wanda zai shiga, shekarar farko ya yi da kaɗan, ya haɗa kai da manomin da ya san gonarsa da halinsa, ya je ya ga albasar tun tana ƙasa.

Duk wannan kasada ce da mutum ke iya aunawa. Akwai kuma wadda ake yanke hukuncinta a wuraren da ba a san da zamanka ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020. Mai shinkafa ya yi dariya, mai kai kaya ƙetare ta Kamba ya yi kuka. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na wasu kwanaki. Farashi ya tashi a Legas, a nan kuwa tumatir da albasa suka yi kwantai, wanda ya riga ya cire kayansa ya rasa inda zai kai su. A watan Yuni na wannan shekara ƙungiyar masu albasa ta sake dakatar da kai kaya saboda motocin 'ya'yanta da aka wawashe a kudu. A farkon 2023 canjin takardun kuɗi ya sa tsaba ta ɓace, manomi ya sayar da kaya a wulaƙance ga duk wanda ke da kuɗi a hannu. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin ban ruwa da na mota suka yi tsalle. A ƙarshen Yuli sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka wata da watanni, tsakaninmu da ƙasar da albasar Galmi ke fitowa. Duk a shekara ɗaya.

Na baya-bayan nan shi ya fi ƙona mutanenmu. Shekara biyu a jere duk wanda ya sayi masara ko shanshera da kaka ya ajiye ya ci riba mai yawa, har mutane suka ɗauka doka ce. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara, da alkama, da wake, da shinkafar da ba a goge ba, na tsawon kwana 150. Mutane ba su ɗauki sanarwar da muhimmanci ba, da kaka ta zo suka saya da tsada, wasu da kuɗin bashi, wasu suka sayar da shanu da filaye. A 2025 maimakon farashi ya hau sai ya gangaro. Na san gidajen da har yanzu ba su farfaɗo ba. Amma ku dubi bambanci. Wanda ya sa kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa ya ji zafi, ya yi tsaki, ya koma gona. Wanda ya sa duka, ya ƙara da na aro, shi ne ya daina fitowa masallaci. Farashi ɗaya ne ya faɗo musu su biyun.

Iyayenmu da ba su shiga aji ba sun san wannan. Manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ya ɗaure tumaki biyu a gida, ya yi ɗan lambu da rani, ba rashin wayewa ke damunsa ba. Ya san ba za su ɓaci rana ɗaya ba. Rumbun tsaba daban, na damuna daban, ba a taɓa na biyun sai ruwa ya sauka. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta share gonakin gyaɗa a Arewa, waɗanda suka dogara da ita kaɗai ne suka fi jigata. Mu ma mun ga irin haka da shinkafa. A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a nan Jihar Kebbi, ga masana'antar Labana a Birnin Kebbi, aka buɗe ta WACOT a Argungu a 2017, kowa ya koma fadama, ma'aikaci da ɗan kasuwa. An samu alheri, ba mai musu. Sai ambaliyar 2020 ta zo ta kwanta a kan fadamun jihar ana dab da girbi. Shinkafa ta tafi, bashi ya zauna. Ruwa kuwa ba ya zuwa babu sallama, an ga na 2010 da na 2012. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damuna a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ita ma tana faɗin wuraren da ake jin tsoron ambaliya. Mu da ke noma a bakin Gulbin Zamfara ya kamata mu riƙa nemansu mu karanta wa waɗanda ba su iya ba. Akwai kuma hukumar inshorar aikin gona ta NAIC, ga masu shakka a kan inshora kuwa akwai kamfanonin takaful da aka kafa bisa tsarin Musulunci. A karanta sharuɗɗan kafin a sa hannu, a kuma san kwanakin da aka ba mutum ya kai rahoton asara, don jinkiri kaɗai yana hana biya.

Tsarin da nake bi, wanda na koya daga tsofaffin 'yan kasuwar Jega, shi ne raba kaya kashi uku. Kashi ɗaya a sayar da kaka a biya duk wani bashi, ko da farashi bai yi daɗi ba, domin mai bashi a wuya ba shi ke zaɓen ranar sayarwa ba. Kashi ɗaya a sayar a tsakiya, da zarar riba ta bayyana. Na ukun ne kaɗai ake jiran ƙololuwa da shi. Mai bin wannan tsari ba zai taɓa zama wanda ya fi kowa riba a shekara ba, za a yi masa dariya a majalisa cewa ya yi gaggawa. Amma shekara ashirin nan gaba yana nan a kasuwa. Abincin gida kuma ba ya cikin lissafin nan, a keɓe shi tukuna. Ban da haka, akwai bambanci tsakanin ajiya da ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke cikin yunwa, wannan kuwa fagen malaman addini ne, suna nan zaune, sun fi ni bayani.

Saura zuba jari, inda zago ya fi girma. Tsoron da ke tura mutane gaskiya ne. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kusa kai kashi 35 cikin 100, wanda ya bar kuɗi kwance yana ganin suna narkewa kamar ƙanƙara. Daidai nan ne wani zai zo da waya a hannu, sau da yawa ɗan'uwa ko abokin aiki wanda shi ma ya yarda da abin, ya nuna maka ribar da ta shigo masa. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata. Mu auna. Naira 100,000 a kan wannan riba, in ana mayar da ita ciki, za ta zama miliyan 2.3 a shekara ɗaya, miliyan 54 a shekara biyu. Wace gona ce, wace masana'anta ce ke haihuwa haka? Babu. Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka ragu sai a rufe. Wanda ya kafa ta, Sergei Mavrodi, ya riga ya yi irinta a Rasha ta rushe a 1994. A Disamban 2016 ta daskarar da asusun 'yan Nijeriya, hukumar NDIC ta ƙiyasta mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. An ce an ɗauki darasi. A Afrilun 2025 CBEX ta rushe, ita kuwa ninki ta yi alkawari cikin kwana 30. A wannan lissafi naira 100,000 za ta haura miliyan 400 a shekara. Masu digiri sun shiga, har da waɗanda suka ci lissafi a jarrabawa.

Yanzu kuma sun koyi sa rigar noma, su ce ka ba da kuɗi a noma maka shinkafa ko a kiwata maka kaji a wata gonar da ba ka taɓa gani ba, riba tabbas. Ku da kuka ji abin da ambaliya da farashi suka yi, kun san kalmar tabbas ba ta zama a gona. In sun nuna muku takardar rajistar kamfani, ku sani rajista ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Wannan izini yana hannun Babban Banki ko hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari, kuma ana iya duba sunayen waɗanda suka ba izini. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta sa ɗauri a kan masu irin wannan damfara, amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da garatuti.

Banki ma yana faɗuwa. Manyanmu sun tuna Janairun 1998 da aka rufe bankuna 26 a lokaci ɗaya, a Yunin 2024 kuma aka soke lasisin Heritage Bank. Bambancinsa da na 'yan damfara shi ne akwai inshora. Tun daga 2024 NDIC tana biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin bankin al'umma. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin, a jira. Saboda haka mai miliyan 12 ya raba su a bankuna uku, ba zai biya ko sisi don wannan kariya ba. Masu gudun riba, akwai bankunan Musulunci tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 na shekara 7 don gina hanyoyi. Amfaninsu ba ya sa mutum rawa, amma ana barci.

Malam Shugaba, na ji a rahoton ma'aji cewa ana shawarar juya kuɗin asusun ƙungiya don a samu na gyaran ɗakin gwaje-gwaje. Ra'ayina, kuɗin tallafin marayun 'yan'uwanmu da na jinyar tsofaffin malamanmu kada a taɓa su ko da an ga riba a fili, su zauna a banki da sa hannun mutum uku. Daga abin da ya rage, kada a sa fiye da kashi ɗaya cikin uku a sayen amfanin gona, kuma a sayi wake ko gero da za a zuba a buhu mai leda, a bar albasa ga masu ita. A rubuta tun ranar saye farashin da in an kai za a sayar, da wanda in an faɗo za a haƙura a fita, kwamiti ya sa hannu, don kada daga baya a zargi mutum ɗaya. Ina kuma roƙon ƙungiya ta sayi irin waɗannan buhuna ta ba ɗakin ajiyar abincin makaranta, ta nemi a riƙa tambayar 'yan kwangilar da ke kawo wake da masara da me suka adana su, tun da ƙannenmu da jikokinmu ne ke ci.

Na zo da buhu biyu, da mudun wake, da kwalba da gishiri, suna wurin mai gadi a bakin ƙofa. Bayan sallar Azahar duk mai so ya same ni a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ɗakin malamai, in nuna yadda ake matse iska da yadda ake ɗaurin.